Bangon Awo

Ta cire labulen ƙarshe da ya rage a falon, haske ya shigo, sai ta tsaya da labulen a hannu tana kallon bango. Jiya da la'asar sumul suka bar shi, ruwan madara daga sama har ƙasa. Yanzu ga lambobin nan sun dawo, layi bayan layi, tun daga daidai kafaɗarta har kusa da siminti. Sun ɗan dusashe, amma ko daga bakin ƙofa mutum zai karanta su.

"Malam," ta kira mijinta. "Zo ka ga aikinka."

Ya fito daga ɗaki da igiyar ɗaure katifa a hannu. Ya gyara tabarau, ya matsa kusa, ya ja da baya.

"Ikon Allah," ya ce. "Ai jiya babu su."

"Ni ma ban ce akwai su jiya ba."

Shekara tara ke nan tana ɗinki a wannan falon, har unguwar ta manta sunanta, kowa Anti Tela yake ce mata. A shekarar farko littafin awonta ya faɗa cikin bahon wanki, awon mutum arba'in ya narke a rana ɗaya, ta sha kunya wajen sake kiran mata ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar ta rantse ba ita ba littafi. Ta sayi alƙalami mai kaurin baki, irin wanda ake rubutu da shi a kan kwali, ta koma rubuta awo a bangon da ke kusa da kekenta. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawo. Sunan kowa kuma yadda ta san shi: Nas mai babur, Matar mai kantin magani, Hajiya ba-ta-jira, Amaryar bene. Bango ba ya faɗawa cikin baho, abin da take faɗa wa duk mai yi mata dariya ke nan. Ba ta taɓa tunanin ranar tashi ba.

Ranar kuwa ta zo, don an ƙara musu kuɗin haya har ya fi ƙarfinsu. Takardar hayar ta ce mai tashi zai mayar da gida da sabon fenti ruwan madara, babu tabo, kafin a ba shi kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin shiga. Dubu ɗari da hamsin ne. A cikinsu za su cika dubu ɗari da arba'in na sabon gidan da suka samu, kuma mai shi ya faɗa musu ƙiri-ƙiri, gobe da safe ne iyaka, akwai wani yana jira da kuɗinsa a aljihu. Ejan mai kula da gidan nan zai zo dubawa ƙarfe huɗu na yau. Idan bangon nan bai yi masa ba, ba su da inda za su sauke kaya.

Ta yi kasafinta tun sati biyu da suka wuce, a bayan kwalin da ake naɗe yadi. Mai fenti ya ce dubu sittin da kayansa, ta ce Allah ya ba da sa'a. Malam ne ya ce shi zai yi. Malamin lissafi ne a sakandare, ya ari tef ɗin awonta ya auna kowane bango, ya cire ƙofofi da tagogi, ya cika shafi biyu da lissafi, sannan ya sanar cewa bokiti ɗaya na fentin ruwa zai isa, har ya yi saura, in an ɗan ƙara masa ruwa. Bokiti da rola da buroshi suka cinye dubu talatin. Abin da ya rage a jakarta dubu goma sha biyu ne, kuɗin motar kaya sahu biyu.

"Bai ji ba ne," in ji Malam. "Shafa ɗaya aka yi masa. Bari ki gani."

Ya tsoma rola a sauran fentin, ya bi ta kan Nas mai babur sau uku. Ta ɓace.

"Kin gani? Ke komai sai ki ɗaga hankali."

Ta koma kicin tana naɗe kofuna da tsofaffin jaridu, ranta na tafasa. Yaran suna gidan yayarta tun shekaranjiya, gidan ya yi shiru, ba abin da ake ji sai ƙarar Malam yana jan gado. Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci ta fito ɗaukar wani kwali, ta kalli wurin. Nas mai babur ta dawo da kafaɗarta goma sha shida.

Ta ɗauki waya ta kira ejan. Sai a kira na uku ya ɗaga.

"Ranka ya daɗe, ko za a ƙara mana kwana biyu?"

"Hajiya, jibi sabon mai haya zai shigo. Me ya faru?"

"Wani ɗan wuri ne fentin bai kama ba."

"A'a, wannan ai ba matsala ba ce," ya ce da fara'a. Fara'ar ce ma ta fi ba ta haushi. "Ki bar shi kawai. Ina da mai fentina. Dubu tamanin yake yin gida irin naku, sai mu cire a kuɗin ajiya, kowa ya huta."

"Bango ɗaya ne fa."

"Shi ba ya yin bango ɗaya, Hajiya. Kala ba za ta zo daidai ba. Sai ƙarfe huɗun."

Ta kashe wayar. Dubu tamanin, a kan bango guda. Ta ja gyale, ta ɗauki jaka.

"Ina zuwa?" Malam ya tambaya.

"Wajen wanda ya san fenti."

Motar hayar da ta shiga sai tsayawa take a kowace kwana tana jiran fasinja, kamar direban ya san tana sauri. A layin masu kayan gini ta sami shagon da suka sayi bokitin. Mai shagon dattijo ne mai farin gemu, faratansa duk fenti. Ta nuna masa hoton bangon a waya. Ya ƙura masa ido, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu.

"Wa ya shafa?"

"Maigidana."

"Mai fenti ne?"

"Malamin lissafi ne."

"Allah ya ƙara ilimi," ya ce, ya miƙo mata wayar. "Hajiya, wannan tawadar ko sau goma kika shafa mata fentin ruwa sai ta fito. Yana ɗanye zai rufe ta, ki ga kamar an gama. Da ya fara shan iska, awa ɗaya ko da rabi, sai ta biyo shi sama. Ruwa ne hanyarta. Ku kuma na ga alama kun ƙara mata hanya."

"Da muka zo saye me ya hana ka faɗa?"

"Maigidan ya zo da takardarsa a rubuce. Bai tambaye ni ba."

Ta haɗiye maganar da ta zo mata baki, don ba shi ne ya kamata ya ji ta ba.

"To yanzu mene ne magani?"

Ya sauko da gwangwani biyu daga kanta, babba da ƙarami. Fentin mai ne mai saurin bushewa, in ji shi. Shi za a fara shafawa a kan rubutun, a bar shi awa biyu da iska, sannan a bi da fentin ruwan a kai. Duk inda man ya taɓa, tawada ta mutu ke nan. Duk inda bai taɓa ba, za ta dawo. Babban dubu goma sha biyar, ƙaramin dubu bakwai.

"Yaya girman wurin?"

"Yadi uku a kwance, yadi ɗaya da rabi a tsaye."

Ya yi murmushi. "Ƙaramin zai isa, in kin iya tattali."

"Tela ce ni. Shida zan ba ka."

"Hajiya, ko ni ban saye shi haka ba."

"Bokitin da ka sayar mana ka ci riba a kansa, ka kuma yi shiru kana kallo muka tafi. Shida."

Ya sa mata shi a leda. Ta ƙirgo dubu shida daga kuɗin mota. Sahu ɗaya ya tafi ke nan. Yadda gado da kabad da keken ɗinki da tarkacen shekara tara za su shiga mota ɗaya, wannan kuma lissafi ne, akwai mai shi a gida.

Sha biyu ta wuce kafin ta dawo. Malam ya karɓi gwangwanin yana karanta rubutun jikinsa, ya fara cewa a nasa ganin da an ɗan sirka shi da kananzir zai ƙara auki.

"Malam, don girman Allah ajiye shi."

"Shawara ce kawai."

"Shawararka ce ta ci mana sahun mota. Ina fanka?"

Fankar tana ƙasan kwalin da ya fi kowanne girma, ya ɗaure shi da igiya ƙulli huɗu, ya ɗora tukwane a kai. Ta tsaya tana kallonsa yana kwancewa, ba ta taya shi ba. Da ya kunna ta ya saita ta ga bango, ta ce ya je ya nemo mai mota, ya gaya masa sahu ɗaya ne, ya kuma san yadda zai roƙe shi ya yi lodi mai kyau. Ya fita. Tausayinsa ya ɗan taɓa ta, don jiya tun asuba yake kan kujera da rola har wuyansa ya ƙage, amma yau ba ta da wurin ajiye tausayi.

Ta buɗe gwangwanin da bakin almakashi. Warin ya daki hancinta. Ta fara daga sama, layi-layi, tana shafawa siriri yadda take yanka yadin da bai kai ba. Awon duk ta kwafe su a sabon littafi tun makon jiya, kwana uku ta yi tana yi, saboda haka babu asara. Har wani daɗi ta ji da ta bi ta kan Hajiya ba-ta-jira, matar da ke kawo ɗinki da safe ta aiko karɓa da yamma. Amaryar bene ta tafi, da awonta na amarci da na goyon fari. Matar mai kantin magani ta tafi. Nas mai babur, karo na uku, ta tafi.

Sai da ta durƙusa ta zo ƙasa, gefen dama, daidai inda ƙafar keken take tsayawa. Nan buroshin ya tsaya.

Inna. Layi uku.

Jiya da Malam ya zo wannan bangon, da gangan ta shiga kicin ta kama wanke abin da ba ya bukatar wanki. Wannan awon kaɗai ne ba ta kwafa a littafi ba, don babu ɗinkin da za a sake yi da shi. Mahaifiyarta ta yi shekara biyun ƙarshe a gidan nan, a kan kujerar roba kusa da keken, tana tsinke mata zare tana gyara wa masu kawo ɗinki zance. Layin farko na shekarar da ta zo ne, ƙugu arba'in da huɗu, da ƙarin inci biyu a hannu, don Inna ta ce ita ba yarinya ba ce da za a matse mata damtse. Layi na biyu talatin da takwas, bayan kwanciyar asibiti ta farko. Na uku a zaune ta auna ta, don tsayuwa ta gagara. Ta zagaya tef ɗin, ta ga talatin da ɗaya, ta ce da ƙarfi, "Talatin da shida, Inna, kin fara mayarwa." Sannan ta sunkuya can ƙasa ta rubuta gaskiya.

Inna ba ta yi makaranta ba, amma ta yi shekara biyu tana kallon bangon nan.

"Abin da bakinki ya faɗa daban, abin da hannunki ya rubuta daban," ta ce. "Ɗinka mini da na hannun, kada ya yi mini burum-burum."

Rigar sau biyu ta sa ta.

Ta zauna a ƙasa, buroshi na ɗiga a kan jarida. Haushi ne ya fara zuwa mata kafin hawaye: haushin ejan da mai fentinsa, haushin mai gidan da ya ƙara haya, haushin kanta da ta rasa inda za ta rubuta uwarta sai bangon mutane. Wurin bai fi tafin hannu biyu ba. Shafa uku ya gama. Ta leƙa gwangwanin, akwai saura, kusan kwata. Ta tsoma buroshin, ta ɗaga, ta riƙe shi a iska har hannunta ya gaji. Sai ta zagaye wurin a hankali, ta shafe Matar liman da ke sama da Ɗiyar mai wanki da ke gefe, ta bar layi ukun nan. Ta mayar da murfin gwangwanin ta danna shi da dunduniya.

Awa biyun ta yi su tana share ɗakuna da goge tagogi. Uku da rabi ta taɓa bangon da bayan yatsa, ya bushe. Ta juye sauran fentin ruwan a faranti, ta bi bangon gaba ɗaya da rola, daga sama zuwa ƙasa. Da ta zo kan Inna ba ta tsaya ba, ta wuce sau biyu, layi ukun suka nutse. Bango ya yi sumul. Ta duba agogon wayarta, huɗu saura kwata.

Malam ya dawo da mai mota, suka fara fitar da kaya. Ya tsaya a falo ya kalli bangon, fuskarsa ta saki.

"Ya isa kuwa?"

"Da kyar," ta ce.

Huɗu ta yi, babu ejan. Huɗu da minti goma, babu shi. Ta fita bakin ƙofa ta dawo, ta sake fita. Mutumin da ya ce jibi-jibi kamar ana korarsa, ga shi ya shanya su. Sai huɗu da minti ashirin ya shigo, da fayil a hammata da tarin makullai a hannu, yana ba da haƙurin da bai kai zuci ba.

Daga ɗakin kwana ya fara. Ya kunna kowane ƙwan lantarki ya kashe. Ya buɗe kowace taga ya rufe. A banɗaki ya ja ruwa ya tsaya sauraron tankin har ya cika. A kicin ya murɗa famfo, kan ya ɗan yi wasa a hannunsa, ya rubuta wani abu.

"Haka muka same shi," in ji Malam.

"Ba a rubuta haka a takarda ba, Malam. Dubu biyar."

Malam ya buɗe baki zai kawo hujja, ta riga shi.

"Cire," ta ce. "Mu je falo."

Biyar saura minti ashirin. Ta je ta tsaya a gefen dama na bangon, ta saki gyalenta ya sauka har ƙasa. Ejan ya tsaya a tsakiyar falon yana shaƙar warin fenti. Ya san bangon nan, ya sha ganinsa duk lokacin da ya zo karɓar haya, kuma a fuskarsa ta ga da dubu tamanin ɗinsa ya shigo. Ya matsa kusa, ya karkata kai, ya haska fitilar waya daidai inda Hajiya ba-ta-jira take a da. Ya bi layin har tsakiya.

"Wa ya yi muku?"

"Ni."

"Na mai kika sa a ƙasa?"

"Shi."

Ya kashe fitilar. "Kin sha da kyar, Hajiya."

Sai kuma aka shiga neman biro. Nasa ya ƙi rubutu, ya yarfa shi, ya hura masa iska. Malam ya zaro ja daga aljihu, irin na gyaran jarrabawa, ejan ya ce ba a sa hannu da ja. Ta ji kamar ta shaƙe su su biyun. Mai mota ne ya kawo shuɗi daga waje. Ejan ya rubuta cewa an karɓi gida lafiya, babu tabo, ya sa hannu, Malam ya sa. Ya tura kuɗin ta waya, suka tsaya su uku suna jiran saƙo. Minti huɗu ya ɗauka kafin wayar Malam ta yi ƙara. Dubu ɗari da arba'in da biyar.

"Bismillah," in ji ejan, yana kaɗa makullai a bakin ƙofa.

Ta bari suka fita, ta sunkuya kamar mai ɗaukar jaridun da ke ƙasa. A daidai inda gyalenta ya rufe, wata inuwa ta fara tasowa a cikin ruwan madarar, siririya, ba ta kai a kira ta rubutu ba tukuna. Ta kwashe jaridun ta fito. Ejan ya ja ƙofar, ya murɗa makulli sau biyu, ya hau babur ɗinsa.

Kayan sun shiga mota ɗaya, kabad a kwance, katifa a kansa, kujeru ƙafafu sama. Malam ne ya tsara lodin, kuma ta yarda a ranta wannan lissafin ya yi shi daidai. Yana tattara tarkacen ƙarshe a bakin ƙofa ya ɗauki ƙaramin gwangwanin zai jefa a shara, sai ya tsaya. Ya jijjiga shi kusa da kunne.

"Kin ce da kyar ya isa."

"Haka na ce."

Ya kalle ta, ya kalli tagar falon da babu labule. Ya daɗe yana kallo.

"Na Inna?"

Ta gyaɗa kai.

"Ejan zai kira mu fa."

"Ya kira. Ya riga ya sa hannu."

Malam ya bar wurin sharar. Ya zagaya bayan motar, ya cusa gwangwanin a ƙarƙashin keken ɗinkin inda ba zai kife ba, ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta shiga ta ɗora sabon littafin awon a cinya. Mai mota ya tambaya ko an gama, ta duba agogo, biyar da minti biyar.

"Mu je," ta ce. "Yanzu Inna ta gama fitowa."